Baƙi da Ma'ana: Darasi Daga Makarantun Yaran Yahudawa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya bambanta harsunan bayinSa, Ya sanya wannan bambanci ya zama abin lura ga masu hankali. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, akwai wata mas'ala da ta daɗe tana yawo a majalisunmu, nan Tsibiri da Maradi da Jiratawa, tsakanin iyayen yara da malaman allo da ƴan medarsa. Yaro ɗan shekara biyar ko shida, wanda bai san ko kalma goma ta Larabci ba, a zaunar da shi shekara da shekaru yana biya abin da bai san ma'anarsa ba: shin an yi masa adalci, ko kuwa an tauye masa haƙƙi? Wasu suna cewa wannan karatun aku ne, ɓata ƙuruciya ne kawai. Wasu kuma suna cewa albarka tana cikin baƙin, ma'ana kuwa za ta zo duk lokacin da Allah Ya nufa. Kowane ɓangare yana riƙe da rabin gaskiya, yana kuma zaton ita ce duka.

BA MU KAƊAI KE DA WANNAN TAMBAYA BA

Akwai wata al'umma cikin ma'abuta littafi da ta riga mu shiga wannan hali da ƙarnoni masu yawa, wato Yahudawa. Harshen littafinsu da addu'o'insu shi ne Ibraniyanci, amma tun wajen ƙarni na 2 zuwa na 3 bayan Annabi Isa (AS) wannan harshe ya daina zama abin magana a gida da kasuwa. Bayahuden Bagadaza da na Fas Larabci yake yi, na Polan yana yin Yidish, na Istanbul yana yin wani nau'i na Sifaniyanci, amma dukkansu da Ibraniyanci suke koya wa ƴaƴansu Attaura da ibada. Ke nan matsayinsu da harshen littafinsu shi ne matsayin Bahaushe da Larabci.

Wani zai ce, me ya kai liman duba makarantar Yahudawa, musamman a irin wannan zamani? Amsa ita ce, ba hukunci za mu ɗauko daga gare su ba, kuma ba maganar siyasar Falasɗinu muke yi ba, wannan tana da nata zama. Jarrabawar da wata al'umma ta yi a kan ƴaƴanta muke son dubawa, mu ga abin da ta haifar. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya umurci Zaidu ɗan Sabitu da ya koyi rubutun Yahudawa, ya kuwa koye shi cikin kusan rabin wata, ya zama shi ke karanta wasiƙunsu yana rubuta amsa. Hausawa kuma sun ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

YADDA SUKE KOYAR DA YARO

Littafinsu na Talmud ya ambaci wani babban limaminsu mai suna Yusha'u ɗan Gamla, wanda ya rayu a ƙarni na 1 kafin rushewar Haikalinsu a shekara ta 70, cewa shi ya kafa dokar a sanya malamin yara a kowane gari, a riƙa kai masa yara tun suna shekara shida ko bakwai. A nan ne kuma aka ƙayyade cewa malami ɗaya kada ya wuce yara 25. In sun kai 40 a ba shi mataimaki, in sun kai 50 a sa malamai biyu. Kafin makaranta ma, da zarar yaro ya fara magana, ubansa ne ke da alhakin laƙƙana masa ayar da ke shaida kaɗaitar Ubangiji, wadda suke kira Shema, kamar yadda muke laƙƙana wa namu kalmar shahada.

Baƙaƙensu 22 ne, daga dama ake rubuta su zuwa hagu, jerinsu kuma shi ne jerin abajada da kowane gardi ya sani: alef, bet, gimel, dalet. Yaro yakan fara da baƙaƙe zalla, sannan a koya masa wasulla, sannan ya haɗa, daidai da babbaƙu da farfaru da haɗɗatu a wurinmu. Katakon da ake rubuta masa a kai luwah suke ce masa, ɗan'uwan lauhu na Larabci, wanda daga gare shi ne muka samo kalmar allo. A Gabashin Turai makarantar heder ake kiranta, ma'ana ɗaki, domin a ɗakin gidan malamin take. A ƙasashen Larabawa kuwa kuttab suke cewa kamar maƙwabtansu Musulmi. Cikin tsofaffin takardun da aka kwaso daga ma'ajiyar majami'ar Ben Ezra ta Fusɗaɗ, tsohuwar Alƙahira, waɗanda masani Solomon Schechter ya kai jami'ar Kambirij ta Ingila a 1897, an sami takardun yara na koyon baƙaƙe da suka kusa shekara dubu, wasu da manyan baƙaƙe masu launi, wasu da zane-zanen yaro wanda karatu ya gundura.

A Jamus da Faransa, wajen ƙarni na 12 da na 13, ranar da za a sa yaro makaranta akan rubuta baƙaƙe a kan allo, a shafa musu zuma, malami ya biya, yaro ya maimaita, sannan ya lashe zumar. Yaron bai san ma'anar komai ba a ranar, abin da aka so ya sani shi ne karatu abu ne mai zaƙi. Talmud kuma ya hana malami dukan yaro da abin da ya wuce igiyar takalmi. Namu malamin, Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 256 bayan Hijira, shi ma ya iyakance bulala uku a littafinsa na ladubban masu koyarwa.

ABIN DA BAƘI YA TSARE

Bari mu fara ba masu kare baƙi haƙƙinsu. Kusan shekara 1,600 Ibraniyanci ya yi ba uwar da ke rarrashin ɗanta da shi. Harsunan manyan dauloli da suka yi zamani da shi, irin su na Babila da na Fir'auna, sun mutu har sai da masana suka tono su daga duwatsu. Shi kuwa bai ɓace ba, domin a kowane gari akwai wani talakan malami a ɗaki yana biya wa yara alef da bet. Lokacin da Eliezer Ben-Yehuda ya isa Ƙudus a 1881 da niyyar mayar da Ibraniyanci harshen magana, ya tarar da mutane daga Yaman da Maroko da Rasha waɗanda ba sa jin harshen juna, amma kowannensu yana ɗauke da kalmomin addu'a da na Attaura tun daga ƙuruciya. A kan wannan tushe aka yi gini, har a 1922 hukumar Ingila mai mulkin Falasɗinu ta sanya Ibraniyanci cikin harsunan hukuma tare da Larabci da Turanci.

Waɗanda suka bi ɗaya hanyar, wato suka wadatu da fassara, su ma tarihi ya nuna makomarsu. Yahudawan Iskandariyya sun fassara Attaura da Girkanci a ƙarni na 3 kafin Annabi Isa (AS), suka dogara da fassarar har mafi yawansu suka daina jin harshen asali; daga baya wannan fassara ta koma hannun Kiristoci, Yahudawa suka bar ta. A 1845 kuma, a wani taron malamansu masu son sauyi a birnin Farankfot na Jamus, rinjaye ya tafi a kan cewa Ibraniyanci ba dole ba ne a cikin addu'a, har wani babbansu, Zakariya Frankel, ya fice daga taron don nuna rashin yarda. Jikokin masu wannan ra'ayi a Amurka, bayan sun daɗe suna ibada da Turanci, su da kansu suka riƙa mayar da Ibraniyanci cikin littattafan addu'arsu a ƙarshen ƙarni na 20.

Saboda haka mai cewa a ajiye allo har yaro ya iya Larabci, ya sani ba shi ya fara wannan tunani ba. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya kawo shawarar Alƙali Abubakar ɗan Arabi cewa a fara koya wa yaro Larabci da lissafi kafin Alƙur'ani, don ya fahimci abin da yake karantawa. Ya yaba da shawarar, amma ya bayyana dalilin da ya sa mutane ba su bi ta ba: neman albarka, da kuma tsoron kada yaro ya girma ya kuɓuce daga hannun iyaye alhali bai sami Alƙur'ani ba. Wannan tsoro gaskiya ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙwaƙwalwar ɗan shekara bakwai tana riƙe abin da ta ɗan shekara talatin ba ta riƙewa, kuma Fatiha a salla ba ta inganta da wani harshe a mazhabarmu.

AYA DA FASSARARTA

Amma tsofaffin makarantun Yahudawa ba su tsaya a baƙi ba, kuma nan ne darasin yake. Shari'arsu ta ɗora wa mutum ya karanta rabon Attaura na kowane mako sau biyu da Ibraniyanci, sau ɗaya da fassara. Lokacin da Aramiyanci ya zama harshen jama'a, sai aka riƙa tsayar da mai fassara kusa da mai karatu a majami'a, wannan ya ja aya, wancan ya fassara, kamar dai mai jan baƙi da mai tafsiri a watan azumi. Da Larabci ya maye gurbin Aramiyanci, sai malaminsu Sa'adiya Ga'on, wanda Larabawa suka sani da Sa'idu ɗan Yusufu Alfayyumi, haifaffen Masar wanda ya rasu a Iraƙi a 942, ya fassara Attaura da Larabci, ya kira aikinsa Tafsir. Yahudawan Yaman sun riƙe duka ukun: yaro ya koyi aya da Ibraniyanci, ya bi ta da Aramiyanci, ya bi ta da Larabci. Saboda ƙarancin littattafai yara sukan kewaye littafi ɗaya, har da yawansu suka iya karatu ta kowace fuska, ko a juye. Kuma a majami'unsu yaro ƙarami ne ake tsayarwa ya yi fassarar a gaban manya. A heder na Turai ma, da yaro ya iya haɗa baƙi sai a shiga Attaura kalma da kalma: malami ya faɗi kalmar Ibraniyanci, ya bi ta da ta Yidish, yara su amsa.

Wannan hanya ba ta kuɓuta daga suka ba. Su kansu Yahudawa sun yi ta kukan cewa wasu malaman heder jahilai ne, ɗakunan ƙuntatattu ne, duka ya yi yawa, kuma ƴan mata an bar su a baya. Duk da haka asalin tsarin ya tsaya a kan abu guda: ba a jinkirta ma'ana zuwa girma, tare da baƙi take tafiya tun yaro yana shekara shida ko bakwai, kuma da harshen da uwarsa ke yi masa magana.

INDA AKA BAR BAƘI SHI KAƊAI

Da zamani ya juya, boko ya shigo musu kamar yadda ya shigo mana. Ƙungiyar Alliance Israélite Universelle, wadda aka kafa a Paris a 1860, ta buɗe makarantarta ta farko a Tetuwan ta Maroko a 1862, da Faransanci ake koyarwa, karatun addini ya koma ƴan awoyi. A Amurka kuwa yawancin iyaye sun sa ƴaƴansu makarantar gwamnati, suka bar wa Ibraniyanci yammacin wasu ranaku da safiyar Lahadi. Yaro ya zo a gajiye, lokaci kaɗan ne, sai burin ya taƙaita ga abu ɗaya: ya iya furta addu'o'i da rabon da zai karanta a gaban jama'a ranar da ya cika shekara 13, bikin da suke kira bar mitzba, wato ranar da hukuncin addini ya hau kansa. A yi biki, a ci a sha, a ba shi kyaututtuka. Malamansu sun daɗe suna kukan cewa yara da yawa daga wannan rana ba a sake ganinsu a makaranta.

Cibiyar bincike ta Pew ta auna sakamakon a 2013. Cikin Yahudawan Amurka, kashi 52 cikin ɗari sun ce sun san baƙaƙen Ibraniyanci, amma kashi 13 kaɗai suka ce suna fahimtar duka ko mafi yawan abin da suke karantawa. To, ya ɗan'uwa mai karatu, da za a yi irin wannan ƙidaya a ƙofar masallatanmu ranar Juma'a, nawa kake zaton za mu samu?

MU DAWO GIDA

Mu ma muna da hanyar haɗa baƙi da ma'ana, kuma tsohuwa ce. A makarantar zaure ɗalibi yana jan Ahalari ko Ishmawi ko Iziyya ko Risala, malam yana fassarawa gaɓa-gaɓa da Hausa. Da azumi kuma ana tafsiri da Jalalaini. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, da Hausa da Fulatanci yake wa jama'a wa'azi, ya kuma zargi malaman da ke barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci. Ƴarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da harshen gida ta ilmantar da matan ƙauyuka ta hanyar ƴan taru. Matsalarmu tana wajen lokaci. Mun ajiye ma'ana sai bayan sauka, alhali tsarin an gina shi ne a zamanin da yaro ke zama gaban malam har ya yi gemu. Yau yaron Tsibiri da safe yana lakwal, da yamma yana allo, da damina yana gona, da rani yana lambu a bakin gulbi ko a fadamar Jiratawa. Kafin ya kai shekara goma sha biyar ya shiga babbar kasuwar Maradi, ko ya hau kabu-kabu, ko ya ƙetara ta Ɗan Isa zuwa Katsina da Kano neman kuɗi. Yarinya kuwa an yi mata aure. Kaɗan ne ke kaiwa sauka, cikin masu saukar ma kaɗan ne ke komawa zaure bayan an ci walima an rataye allon zayyana. Ƙofar da muka ce ma'ana tana bayanta, mafi yawan ƴaƴanmu ba sa isa gare ta.

A kan haka nake ganin amsar mas'alarmu ita ce: koya wa yaro baƙin da bai fahimta ba halal ne, alheri ne, amma bashi ne. Wanda ya sa kalma a bakin yaro ya ɗauki alkawarin zai gaya masa abin da take nufi, kuma bashin yana kan uba kafin malami. In an biya, shekarun biye-biyen nan sun zama taska. In ba a biya ba, an bar mutum yana ganawa da Ubangijinsa da maganar da bai san abin da ta ƙunsa ba. Raka'o'in farilla 17 ne a yini, wato Fatiha fiye da sau 6,000 a shekara, ita kuwa ba ta kai kalma 30 ba. Ina uzurinmu a ce mutum ya yi shekara arba'in yana maimaita ta, ba a taɓa zaunar da shi awa ɗaya an fassara masa ba? Haɗarin bai tsaya ga rashin khushu'i ba. Matashin da yake girmama baƙi amma bai san ma'ana ba, duk wanda ya fara jan aya ya fassara masa yadda ya so, shi ya mallake shi. Mun ga abin da irin wannan ya jawo a yankin Tafkin Cadi tun daga 2009.

Kada kuma a ɗauka sanin harshe shi kaɗai ne shiriya. Abu Jahil ya fi mu jin Larabci, kuma miliyoyin masu magana da Ibraniyanci a yau da yawansu ba su damu da ibada ba. Ma'ana tana buƙatar malami mai tsoron Allah da gida mai aiki da ita. Sai dai wannan ba hujja ba ce ta hana yaro ma'ana, hujja ce ta a ba shi ita daga hannu amintacce.

ABIN DA ZA MU IYA YI

Na farko, kada yaro ko yarinya su kai shekara goma, lokacin da ake tsananta musu a kan salla, face sun san ma'anar Fatiha, da surorin da suke salla da su, da tasbihin ruku'u da sujada, da tahiya, da Hausa. Na biyu, malaman allo su ware zama ɗaya a mako, ko da yammacin Laraba ne kafin hutu, don wannan aiki, kuma duk wanda zai wanke allo a gaya masa ma'anar kalma uku ko huɗu daga abin da ya biya. Wanda bai ƙware ba ya nemi taimakon ƴan medarsa na unguwarsa, su kuma su zo da ladabi. Ga tarjamar Shaihu Abubakar Gumi da ta fito a 1979, ga ta Shaihu Nasiru Kabara, ba a rasa madogara ba. Na uku, iyaye su sani malamin da aka tara wa yara ɗari, aka bar shi da kuɗin Laraba, ba zai iya fassara wa kowa komai ba. In waɗancan sun ga ya kamata a tsaya a yara 25 tun fiye da shekara 1,500 da suka wuce, mu ma jama'ar kowane masallaci za ta iya ɗaukar nauyin mataimaki ɗaya. Na huɗu, ranar walimar sauka, bayan ɗalibi ya karanta allonsa, a roƙe shi ya fassara Fatiha a gaban jama'a, a kuma tambayi ubansa wurin wane malami zai fara littafi.

Allah Ya saka wa malamanmu na allo da alheri, su da suka tsare mana Alƙur'ani cikin talauci da haƙuri. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin ƴaƴanmu, Ya sanya su cikin masu karanta littafinSa, masu fahimtarsa, masu aiki da shi. Amin.